Haƙori Ɗaya a Sarƙar Taimin: Ɓarnar da Gyaran Gaggawa Ke Yi wa Bawul a Kwanar Dangora

Duk direban da ya baro Kano ya nufi kudu, a Kwanar Dangora hanya ke rabe masa biyu. Ko dai ya miƙe kan babban titi ya wuce Tashar Yari ya shiga Zariya, ko ya karya hagu ya kama hanyar Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ya faɗa Saminaka, daga nan sai hawan Jos. Tun da aka sake gina titin Kano zuwa Zariya, aikin da aka soma a 2018, motoci da zafinsu suke isowa wannan mararraba, don titi ya yi santsi kowa na taka totur. Masu fitowa daga Doguwa da Tudun Wada kuwa, musamman da kaka, lodin masara da shinkafa ne ke danne su har bayan mota ya kusa shafar ƙasa.

Saboda haka mota takan zo nan ta gaza, kuma takan gaza ne nesa da bakaniken da ya san ta. Mai zuwa Jos so yake ya tsallake Falgore da sauran rana. Mai ɗauke da tumatirin Kadawa da Kwanar Gafan lissafin awoyi yake yi kafin kwanduna su fara tsiyaya. Mai fasinja yana da bakuna goma sha takwas a bayansa, kowanne da abin da yake faɗa. A irin wannan hali ake buɗe inji a gindin bishiya, kuma a nan ne ake samun wata ɓarna wadda ba hanya ce ta yi ta ba, ba kuma tsufan mota ba: mota ta shigo gareji da ƙafarta tana ciwon gaskit, ta fita a bayan janwe da bawul a lanƙwashe.

Daga zafi zuwa sarƙa

Ba kasafai ake kawo mota don sarƙar taimin kanta ba. Yawanci da zafi ake farawa. Lagireto ya yi yoyo, ko fanka ta mutu, ko ruwan rijiyar da ake ɗurawa shekara da shekaru ya toshe hanyoyin ruwa da tsatsa. Allura ta hau, direba ya ce bari dai in kai kwana. Kafin ya kai, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. To a injin zamani kamshaf a saman top silinda yake zaune, don haka ba yadda za a yi a ɗaga top ba tare da an kwance sarƙa ba. Wanda ya kwance kuma dole ya mayar, kuma wajen mayarwar ne ake yin ɓarnar.

Aikin sarƙar ɗaya ne tak: ta ɗaure kiranshaf, wanda fistan ke juyawa, da kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa. Kiranshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya, shi ya sa haƙoran farantin sama suka ninka na ƙasa. A cikin juyi biyun nan fistan zai sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse, wuta ta tashi ta koro shi ƙasa, ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Idan inji na juyi 3,000 a minti, wato tafiyar yau da kullum a kan titin Zariya, kowane fistan yana kai wa ƙololuwa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane bawul yana buɗewa sau 25.

Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, a galibin injinan yanzu, gurbin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne dai gurbin da kan fistan ke isa idan ya hau. Wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su. Wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya ga abin: taɓarya na fita, wata na shiga, ba sa haɗuwa muddin kowacce ta riƙe lokacinta. Sarƙa ita ce mai riƙe lokacin. Inda abin ya fi matsewa shi ne ƙarshen fitar hayaƙi, lokacin da bawul ɗin salansa bai gama rufewa ba, na shan iska kuma ya fara buɗewa, ga fistan a can sama. Tazarar da ke tsakaninsu a wannan gaɓa 'yan milimitoci ne.

Yanzu a yi lissafi. Farantin kamshaf mai haƙora 36, kowane haƙori digiri 10 ne a kansa, wato digiri 20 a kan kiranshaf. Kuskuren haƙori ɗaya, a injina da dama, ba ya kai ga karo. Mota za ta tashi amma ba ta ja, tana shan mai, tana rawa a silo, wani lokaci tana harbi ta salansa. Haƙori biyu ko uku, ya danganta da inji, fistan zai tarar da bawul a hanya. Idan kamshaf na shan iska ya riga lokacinsa, bawulolin shan iska ne ke shan duka. Idan na salansa ya makara, nasa ne ke sha. Sandar bawul a ƙananan motocin yanzu kaurinta bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba. Ba ta da ƙarfin da za ta ja da fistan.

Ilimin jiya da injin yau

Manyan ogogin da suka yaye kanikawan wannan yanki, a kan Fijo suka koyi aiki. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 da 505 da J5 su ne suka riƙe hanyoyin Arewa shekaru masu yawa. Injin fetur na 504 yana da sarƙa, amma gajera ce, kamshaf ɗaya ne a cikin bulo, bawul takwas ne kacal, sanduna ke tura su. Ana ɗaga top a mayar ba a taɓa sarƙa ba. Taimin da bakanike ke yi kullum a wancan zamani na wuta ne: ya sassauta distirbuta, ya murɗa ta a hankali yana kasa kunne har inji ya daidaita. Gwaninta ce ta gaske, kuma kuskure a cikinta ba ya karya ƙarfe nan take. Matsalar ita ce ɗabi'ar "tayar mu ji, in bai yi ba a gyara" ta biyo mutane har zuwa injinan da ba sa ba da dama ta biyu.

Wata motar ma ta ƙara lalata mutane da sauƙin kanta. Camry mai injin 2.2, irin wadda ake kira fensir, bel gare ta, kuma an ƙera injin ta yadda fistan da bawul ba sa haɗuwa ko da bel ya tsinke ana cikin gudu. A sa sabo a ci gaba da tafiya. Wanda ya saba da ita sai ya ɗauka haka duniya take. Amma Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da ƙanwarta, injinta K24 sarƙa ce, kamshaf biyu, bawul 16, kuma fistan na kai wa bawul idan taimin ya kauce. Corolla mai injin 1ZZ, Camry mai 2.4, da Hiace Homa mai injin 2TR da ta cika tashoshi, duk sarƙa ne da kamshaf biyu da bawul 16, ga kuma na'urar VVT-i da ke gusar da kamshaf da ƙarfin baƙin mai ana cikin tafiya. Bakanike mai hankali duk ɗaukar masu karo yake yi musu.

Akwai ma waɗanda suka fi haka tsauri. Injinan Mazda da Ford masu 2.0 da 2.3 na zamanin Mazda 6, da injin 1.6 na Fijo 308 da 508, farantin sarƙarsu ba shi da ki a kan kiranshaf. Matsin ƙusa ne kawai ke riƙe shi. Da zarar an sassauta ƙusar fule, taimin ya tafi, kuma ba ya dawowa sai da ƙarafan kulle na musamman da ake soka wa kiranshaf da kamshaf. Irin wannan mota in ta lalace a kwana, gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mai ita ita ce a ja ta zuwa Kano ko Zariya. Bakaniken da ya iya cewa "wannan ba ni da kayan aikinta" ya fi wanda ya ce "kawo mu gani" daraja a wurina, ko da yake na farkon ne ke kwana ba kuɗin cefane.

Inda hannu ke zamewa

A tsaya kusa da mai ɗaura sarƙa a kalla. Ga murfin gaba a kan buhu, ga kusoshi a cikin gwangwanin fetur, yaro na riƙe da fitilar waya don rana ta karkata. A jikin sarƙar akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu launi daban, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, a jikin kowane faranti kuma akwai ɗigo ko tsaga. Ƙa'ida ita ce kowane mai launi ya zauna kan alamarsa, fistan na ɗaya yana can sama. Da sauƙin faɗa. Amma tsohuwar sarƙa launinta ya daɗe da ɓacewa cikin baƙin mai. Farantin kuma sau da yawa alama fiye da ɗaya gare shi, don kamfani na amfani da shi a injina daban-daban. Kamshaf ba ya zama inda aka ajiye shi, sifirin na bawul na ture shi, sai an riƙe da sufana. Idan aka bar sako-sakon sarƙa a ɓangaren da ke ja, maimakon ɓangaren tenshina mai matse sarƙar, alamomi za su yi kyau a ido, amma ana juyawa kiranshaf zai tafi kafin kamshaf ya motsa.

Wasu kan yi dabara su ɗiga jan farce ko farin fenti a kan sarƙa da faranti kafin su kwance. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya: a tabbata taimin daidai yake kafin a ɗiga. Idan sarƙar ta riga ta yi tsalle a hanya, to kuskuren aka yi wa alama, kuma shi za a mayar da hannu bibbiyu.

Tenshina ma na da nata. A Corolla, ana danne ta a maƙale da ɗan ƙugiya kafin a ɗaura, sannan a ɗan juya kiranshaf baya kaɗan don ƙugiyar ta saki, a dawo gaba a ga ta tura. Wanda ya manta ya bar sarƙa a sake, bugun farko za ta haye haƙora. Sannan akwai ɓarnar da ake yi tun sarƙa na ƙasa: fistan na sama, wani ya kama kamshaf ya juya don ya nemo alama, ko ya ɗaure murafan kamshaf da ƙarfi alhali wani ƙullutunsa na danna bawul a kan fistan. Shi ya sa masu bin littafi ke gusar da kiranshaf daga ƙololuwa tukuna, fistan duka su sauka, kafin su taɓa kamshaf. Kuma top ɗin da aka kai aka kankare fuskarsa saboda zafi ya banƙare shi, ya matso kusa da fistan fiye da da. 'Yar tazarar da ke yafe kuskure ta ragu.

Duk waɗannan kurakurai, abu ɗaya ke kama su, kuma kyauta ne. A cire fulogai, a sa sufana a ƙusar kiranshaf, a juya inji da hannu, a hankali, ta inda yake juyawa, cikakken juyi biyu. In ya cije, a tsaya. Kada a ƙara ƙarfi, kada a ɗauko bututu a ƙara wa sufana tsawo. In ya wuce lami lafiya, a sake duba alamomin faranti da na jikin inji, su ne za su dawo daidai. Ƙulle-ƙulle masu launi ba za su dawo kan alamarsu bayan juyi biyu ba, sai an yi juyi da yawa, kuma wannan ba laifi ba ne. Yara da dama kan firgita a nan su kwance aikin da ya yi daidai. Gaba ɗaya abin bai fi minti biyar ba.

Minti biyar ɗin nan ne ake cinyewa. Direba na tsaye a ka: "Oga, don girman Allah, la'asar ta yi, ga daji a gabana." Oga ya ce wa yaro, "Kai, shiga ka yi mata ki mu ji." Hannu na jin cijewa ya tsaya, amma kik ba ya ji. In ya tarar da turjiya ya yi nauyi, sai a ce batir ne ya yi sanyi, a kira 'yan kamasho a tura a saki kuloci a giya biyu. Nauyin mota gaba ɗaya ke nan aka ɗora wa sandunan bawul.

Bayan an yi ta

Injin da bawulolinsa suka lanƙwashe yana da murya. Kik na juya shi da sauri, sumul, babu wannan numfashi na hawa da sauka da aka saba ji, domin babu matsi a ciki. Idan ɗaya ko biyu ne suka ɗan karkace, mota za ta tashi tana mis, a canja fulogi, a canja kwayil, a wanke nozul, duk a banza. Mai kwamfuta in ya jona na'urarsa zai iya ganin P0016 ko P0017, wato kiranshaf da kamshaf ba sa tafiya tare, ko P0300 da 'yan uwanta na mis. Sai dai kwamfuta ba ta ganin bawul. Gejin kamfureshan ne ke nuna silindar da ta mutu.

Akwai gwajin da ya fi wannan faɗar gaskiya, kuma kayansa na nan a kwana. A fasa tsohon fulogi a yi masa bakin tiyo, a kai fistan sama a bugun matsi, a riƙe kiranshaf, a ari iskar mai faci a hura a ramin fulogi. Sai a kasa kunne. Iska ta fito ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. Ta fito ta bakin shan iska, na shan iska ne. Ta fito ta wurin zuba baƙin mai, ringi ne. Lagireto ya yi kumfa, gaskit ne. In an ɗaga top, a kwantar da shi a zuba kananzir a hanyoyin bawul. Wanda bai zauna daidai ba zai yi hawaye. A mirgina sandarsa a kan gilashi, za a ga kan yana rawa.

Bawul ɗin da ya lanƙwashe canja shi ake yi. Masu miƙar da shi da guduma su goga da man girandin suna sayen 'yan makonni ne kawai, domin wuyansa ya riga ya raunana, kuma ran da kan ya ɓalle ya faɗa silinda ana gudu, fistan da top da wani lokaci bulo duk sun tafi. A kuma duba bututun da sandar ke zirga-zirga a ciki, don yakan tsage, a duba kan fistan.

Abin bai tsaya ga motoci ba. Boxer da ke jigilar mutane daga kwana zuwa ƙauyukan Kiru da Bebeji, da Adaidaita Sahu ta Bajaj ko TVS, duk suna da 'yar sarƙar taimin. A irin waɗannan injina alamar T ce a jikin magneto ake kawowa saitin tsaga, sannan a daidaita layin farantin sama. Kusa da T akwai wata alamar ta wuta, kuma yaron da ya rikita su ya kauce. Sa'ar mai babur ita ce bawul biyu ne, ɓarnar ba ta da tsada. A nan ne ya kamata a koya wa yaro juyi da hannu har ya zame masa jiki, tun kafin a ba shi Homa.

Wa zai biya?

Nan ne ake ɗaga murya. Mai mota ya ce da ƙafarta ta zo. Bakanike ya ce dama can bawul ɗin sun ƙone, zafi ne ya cinye su. Ƙarfen kansa yakan raba gardama in an bar shi ya yi magana. Bawul da ya ƙone gefensa ne ke cinyewa, ya yi giɓi, kuma yawanci ɗaya ne ko biyu na salansa. Wanda fistan ya doka sandarsa ce ke karkacewa, kuma sau da yawa layi guda ne suke tafiya tare, duk na shan iska ko duk na hayaƙi. A kan fistan za a ga tabo mai siffar jinjirin wata. Tabon na ƙyalli, sabo ne. Baƙin hayaƙi ya rufe shi, ya kwana biyu.

Ba yau aka fara wannan shari'a ba. A mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya kafa kansa yana karɓar kayan jama'a yana lamunin abin da ya lalace a hannunsa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 miladiyya, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya, ta kawo hukuncin. Dokar tarayya ta 2018 kan gasa da kare haƙƙin masu saye ita ma ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi da inganci. A aikace, shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA da na direbobi ne ke zama a kan benci su sasanta, sau da yawa a ce mai mota ya sayo kaya, bakanike ya yi aiki kyauta. Abin da zai sauƙaƙa musu yana aljihun kowa: hoton alamomin taimin da waya kafin a kwance, da wani kafin a rufe murfi.

Mai mota ma yana da nasa kason, kuma ba ƙarami ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, Naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, mutane suka koma neman mafi araha. Sarƙar jabu takan zo da launi a gurbin da ba nasa ba, don haka a shimfiɗa ta kusa da tsohuwar a ƙirga ƙulle-ƙullen da ke tsakanin alama da alama. Sabuwar sarƙa a kan tsohuwar tenshina da robobin da suka cinye rabin aiki ne. Baƙin man awo da ake ɗurawa a bakin hanya, da jinkirin juye, su ne ke cinye fil-fil ɗin sarƙa har ta ƙara tsawo. Ƙarar kacau-kacau ta 'yan daƙiƙoƙi da mota ke yi in an tayar da ita da asuba, sarƙar ce ke sanarwa. Gam ɗin da ake lafta wa murfi fiye da kima kuwa, guntayensa kan ɓalle su toshe 'yar hanyar man da ke tura tenshina.

Idan ɓarna ta yi yawa, lissafi yakan kai mutum Kofar Ruwa neman top ɗan Beljiyam maimakon sayen bawul 16 da gaskit da kuɗin girandin. Wanda zai je ya tafi da lambar injinsa a rubuce, domin K24 kaɗai iri-iri ne, top ɗinsu da kamshaf ɗinsu ba ɗaya ba. Ya sa a zuba kananzir a gabansa kafin ya biya, ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar top ya ga ko haske na wucewa ta ƙasa, ya kuma duba alamar ko an taɓa kankare shi. Ya haɗo da sababbin kusoshin top in littafin injin ya ce ba a maimaita su.